Layin da Kike Son Gogewa

New Bell, Duwala, ranar Laraba bayan azahar

'Yata Nafisa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina kuma gaida wanda ke cikinki, wannan mai shurin da ya harbi hannun kakarsa tun bai ga fuskarta ba. Allah ya sauke ku Ngaundere lafiya, ya tsare ki a hanya, ya sa ki tarar da mijinki Yusufa da mutanen gidansu cikin alheri. Idan kin bi maganata, kina karanta takardar nan ne bayan kin sauka, kin yi wanka, kin ci abinci. Idan kuma halinki kika bi, na san tun ba ku wuce garin Edeya ba kin farke ambulan.

Ba labarin gida zan ba ki ba, lokacin da za ki karanta wannan ba ki daɗe da barinsa ba. Tsoro ne ya sa ni rubutu. Cikinki wata bakwai, za ki haihu nesa da ni, kuma shekaran jiya surukarki Hajiya Dudu ta kira ni da murnarta, ta ce in kwantar da hankalina, ta riga ta tara itacen wankan jego, ta kuma sa an kawo mata kanwa mai kyau. Na yi mata godiya, na ajiye waya. Kin san ƙanwata Rakiya, wadda ta haife ki, ta rasu kina da kwana arba'in da takwas. Ban taɓa ɓoye miki wannan ba. Abin da na ɓoye shi ne nawa hannun a ciki, kuma yanzu haka yana cikin kwamfutarki.

Kin tuna ranar Lahadi, da ruwan sama ya hana ki fita, kika ɗora kwamfutar a kan tabarma kika ce in zo in ga abin da kika yi da tsofaffin rajistocinmu? Ina nufin na ƙaramin asibitin unguwa inda na yi aikin nas har na ajiye. Likitanmu na wancan lokaci mutum ne mai son rubutu. Ya kafa mana doka cewa duk mai ciki a auna mata jini duk zuwan da ta yi, bayan ta haihu kuma ta riƙa dawowa duk mako biyu har jariri ya yi wata uku. Ni ke aunawa, ni ke rubutawa. Su ne aka ba ki don aikinki na kammala jami'a, an rufe sunaye, kowace mace da lambarta.

Kika nuna min layuka cunkus a fuskar kwamfutar, kika ce, "Mama, regarde. Kowane layi mace ɗaya ce. Kowace da inda jininta ya fara, kowace da yadda yake hawa ko sauka. Wannan bambancin da ba a rubuta dalilinsa ba, shi muke cewa effets aléatoires."

Na ce to wadda sau uku kacal ta zo fa, ina mashin zai san halin jininta?

Kika ce, "Tun farko muke faɗa masa matan sun rarrabu kamar ƙararrawa. Da yawa a tsakiya, kaɗan a dama, kaɗan a hagu, daidai wa daida. Wadda awonta ba shi da yawa sai ya ɗan jawo ta wajen tsakiya."

Na ce wa ya faɗa miki matan New Bell ƙararrawa ne? Kika yi dariyar nan taki mai fito da wushirya, kika ce, "Haka kowa ke yi, Mama. Ko ba ƙararrawa ba ne, la moyenne, wato matsakaicin, ba ta cika motsawa ba. Ga shi ma na zana abin da ya ba kowace mace, ƙararrawar ce ta fito."

Na ji daɗi a lokacin, wallahi. Ina kallon yarinyar da na yi wa tsifa tana kuka, yau ita ke koya min aikina. Sai kika kai yatsa kan wani layi, lamba ɗari biyu da sha ɗaya. Ya taho a kwance abinsa, 14/9, 14/9, 15/9, sai ya yi tsalle ya kai 19/12, daga nan ya tsaya. Kika ce, "Wannan kuskuren hannu ne, je suis sûre. Mashin ma ya jawo ta ƙasa. Goge shi zan yi." Na tashi na ce ina jin ƙaurin shinkafa. Babu shinkafa a wuta ranar, ke ma da kin ɗaga kai da kin sani.

Nafisa, lamba ɗari biyu da sha ɗaya Rakiya ce. A cikin lambobi huɗun nan na bayan haihuwarki, ɗaya ce tak ta gaskiya, ita ce kuma wadda kike son gogewa.

Bari in faɗa miki yadda aka yi, don ban san wata hanyar ba ki shawara ba sai ta inda na faɗi. A makaranta an koya mana cewa idan mace ta shigo daga rana, a bar ta ta huta kafin a auna, idan awon ya yi sama a sake. Wannan daidai ne. Mace ta tako da ƙafa tun daga unguwar Kassalafam da goyo, ko bensikin, acaɓar garin nan, ya gama jijjiga ta a ramukan unguwa, dole jininta ya nuna. Ni kuwa sai na wuce inda aka tsaya. A kaina akwai wata lamba, 12/8 ko 13/8, wadda na ɗauka ita ce gidan kowa. Duk wadda ta yi nisa da ita, sai in ga awon ne ya yi kuskure, ba ita ba. In auna sau biyu, sau uku, in rubuta da fensir a bayan kwalin magani, sa'an nan in zaɓi wadda ta fi kusa da gida in sa mata biro a rajista. Wani lokaci ma ba na samun wadda nake so, sai in ɗan rage da kaina. Ba mugunta ba ce. A ganina gyara nake yi, har ina jin na fi sauran nas-nas hankali.

Da Rakiya ta zo awon farko bayan suna, na sami 16/10. Na ba ta ruwa, muka yi hira, na sake, 16/10 ɗin dai. Na dube ta, yarinya 'yar shekara ashirin da biyu, siririya, tana ta tsokanata wai na yi ƙiba kamar matar ɗan kwastan. Na ce a raina jinin gidanmu ba ya hawa, zafin gari ne. Na rubuta 14/9. Bayan mako biyu fensir ya ce 17/11, biro ya ce 14/9. Na uku fensir ya ce 18/11, na ɗan ji kunyar Allah na rubuta 15/9. Likita kuwa rajista yake dubawa, ba kwali ba.

Shi ya sa da kika ce mashin yana jawo mace wajen tsakiya, kaina na gani. Abin da hannuna ya yi ke nan, shi dai nasa da lissafi yake yi. Na yarda da ke cewa matsakaicin ba ya motsawa sosai. Likitanmu ma a ƙarshen shekara ya tara mu ya ce jinin masu jegonmu yana sauka yadda ya kamata, kuma bai yi ƙarya ba, na mafi yawansu yana sauka. Idan tambayar da aka yi miki ita ce ina jinin matan unguwa ya nufa gaba ɗaya, to ƙararrawarki za ta iya kai ki. Amma ke da bakinki kika ce min aikin da za ki fara a Ngaundere shi ne ki taimaka wa ma'aikatan asibiti su gane wace mai jego za a kira ta dawo da wuri. Wannan tambaya ce a kan mace ɗaya mai suna, mai ɗaki, mai jariri. Kafin ki yarda da abin da mashin ya faɗa a kanta, ki tambayi kanki siffar da kika ba shi tun farko, daga matan kika samo ta ko daga littafi.

Zancen kuwa wai kin zana ƙararrawa ta fito, haba 'yar boko. Sau nawa kika zauna kusa da ni ina suyar masa? Ƙullu ko ya yi kauri ko ya yi ruwa, in dai a tanda aka zuba shi, zagaye zai fito. Ba ki isa ki ɗaga masa ki ce ga shaida ƙullun dama zagaye ne ba. Kin ba mashin tanda, ya zuba matan a ciki, ya miƙo miki su da siffarta. Ni ban san sunayen dabarunku ba, amma na ji kina cewa ana iya ba shi wata siffar. To ki ba shi. Ki gwada mai dogon jela gefe ɗaya, ki gwada wadda ta yarda matan tsibi biyu ne, ki ga ko amsar ta canja. Idan ba ta canja ba, alhamdulillahi, kin ƙara samun ƙarfin gwiwa. Idan ta canja, ki rubuta haka ɓaro-ɓaro, kada ki zaɓi wadda ta fi kyan gani kamar yadda uwarki ta riƙa yi.

Na ce tsibi biyu ne don na gani da idona, sai dai na gani a makare. A rajistarmu akwai gurbin shekaru, da na yawan haihuwa, da na nauyi, da na unguwa. Babu gurbin kunun kanwa. Likita ba Bahaushe ba ne, bai san da shi ba. Ni da na sani ban ga abin rubutawa ba, don a wajena kowace mai jego tana sha, kamar a ce a buɗe gurbin masu shan ruwa. Ashe sha ya bambanta. Matan ofis da waɗanda ba su da tsohuwa a gida, kofi ɗaya suke kurɓa don albarka, su yi wankan ruwan ɗumi su wuce. Wadda kuwa take da tsohuwa tsaye a kanta, kwano guda ne safe da yamma, ga tafasasshen ruwa a rabin duro sau biyu a rana, ga garwashi a ɗaki, a wannan garin namu da ko a tsaye kike gumi na bin bayanki. Bayan rasuwar Rakiya na daina gyara lamba, na fara tambaya, sai ga su sun ware. Mafi yawa jininsu na gangarowa a hankali. Wasu 'yan kaɗan kuma nasu na hawa, kuma ba warwatse suke a gefe ba, a tare suke, hanyarsu daban. Tsakanin tsibin nan biyu kusan babu kowa, nan ne kuma ni da mashinki muke jawo mutane.

Kada ki ce na ce kanwa ce ta kashe ta. Ajali na Allah ne, kuma ni kaina na sha kunun nan a haihuwa huɗu, ga ni zaune ina damun ki. Wata zuciyarta na ɗauka, wata ba ta ɗauka, ba kuma a rubuce yake a goshi ba. Abin da na sani shi ne kanwa 'yar'uwar gishiri ce, wadda jininta ya riga ya hau ba a ƙara mata. Na san wannan tun a lokacin, yana cikin littafin da na ci jarrabawa da shi. Duk da haka ni na je kasuwar Marshe Santiral na zaɓo wa Rakiya kanwar da hannuna, har ina ɗanɗanawa don in tabbatar mai ƙarfi ce. Don haka idan kin fara aiki, kafin ki yarda da guraben da aka ba ki a takarda, ki je ki zauna a tsakar gida da matan, ki ci abin da suke ci, ki ji abin da kowa ya sani har ba a faɗarsa. Wataƙila bambancin da kike kira marar dalili yana da dalili, ba a dai ba shi gurbi ba ne.

Kakarki Iya ce ta yi wa Rakiya jego. Ba ki san ta sosai ba, kina aji biyu ta rasu. Mace ce mai tsafta, mai son 'ya'yanta kamar ta haɗiye su, hannunta kuma da nauyi wajen kanwa. Ranar da fensir ya ce 17/11, na tashi daga aiki na wuce gidan da niyyar magana. Na tarar da ita a bakin murhu tana dama kunun. Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Iya, da an ɗan rage kanwar nan, jinin Rakiya kamar yana so ya hau."

Ba ta ko juyo ba ta ce, "Da shi na yi jegonku duka. Takardar Nasara ce yau za ta koya min? Ungo, miƙa mata tun da zafinsa."

Na ce, "To, Iya." Na karɓi kwanon da hannu biyu, da farar rigata ta nas a jikina, na kai wa ƙanwata. Ta sha tana yamutsa fuska, ta ce, "Yaya, ke ma an sa ki aikin soja?" Muka yi dariya. Kin ga, da na rubuta lambar gaskiya a rajista, da likita ne zai yi maganar, da Iya ta yi faɗanta ta haƙura, don tana jin tsoron likita. Na rage lambar ne har da don kada a riƙe mai jego a asibiti kafin arba'in, a ce 'yar boko ta jawo wa gida abin magana. Iya ta koma ga Allah ba ta san komai ba, ban kuma taɓa ɗora mata ba. Ita abin da ta sani ta yi, ni ce na sani na yi shiru.

To ga Hajiya Dudu, mace ce ta kirki, da soyayya ta tara itacen nan. Kada ki je mata da Faransanci, kada ki je mata da zane-zanen kwamfuta, na san ki. Ki karɓi wankanta amma a sirka ruwan, ki ci farfesunta, ki sha kununta na gero ko na gyaɗa, ki yaba hannunta. Kanwa kawai za ki roƙa a cire. Ki ce mata, "Hajiya, likita ya hana ni, ciwon da ya ɗauki mahaifiyata ne ake ji min tsoro." Idan abin ya yi miki nauyi, ki ɗora a kaina, ki ce tsohuwar nan ta Duwala ce ta rantse. Ki kuma faɗa wa Yusufa tun yanzu, a zaune, ba a tsaye a bakin ƙofa ba. Yaron kirki ne, amma idan uwarsa ta ɗaga murya sai ya fara neman makullin babur ɗinsa. Girmama babba wajibi ne a kanki, ni ma haka na tarbiyyantar da ke. Sai dai ki sani ana iya durƙusawa har ƙasa a ce a'a, ni ce ban iya ba.

Akwai wani abin kuma da nake so ki koma ki duba. Kin ga layuka da yawa sun tsaya a hanya, a gefensu na rubuta perdue de vue, wato ba a sake ganinta ba. A lokacin ina ɗauka ko ta ji sauƙi ne ta ga ba sai ta zo ba, ko an tafi da ita Arewa ganin dangi. Wasu haka ne. Amma wasu ba su dawo ba ne don numfashi ba ya kai su bakin titi, wasu tsohuwa ta hana su fita, wasu kuma na je ta'aziyyarsu da kaina ban haɗa da rajista ba. Ki lura da kyau, matan ƙaramin tsibin nan su ne masu awo kaɗan. Ke kuma kika ce mai awo kaɗan ita mashin ya fi jawowa tsakiya. Ke nan wadda ta fi kowa buƙatar a gan ta, ita ce ya fi ɓoyewa. Na kwana biyu ina juya wannan a raina, ko tuwo ban iya ci sosai ba, har Babanku ya tambaya ko mun yi faɗa da ke ne.

Ranar awon ƙarshe kina da kwana arba'in da biyar. An yi wankan arba'in, an raba waina, kowa ya ce an fita lafiya. Rakiya ta kawo ki allurar rigakafi da safe, sanye da silifas ɗin mijinta, don nata sun ƙi shiga. Daga ƙofa zuwa bencina sau biyu ta tsaya. Ta zauna tana haki, ta ɗaga ƙafar ta ce, "Yaya, dubi, kamar miyondon rogo an ɗaure a ganye." Ta ce kwana uku ke nan a zaune take barci, in ta kwanta tari ke taso mata. Na ɗaura mata abin awo, na matsa, na saki, na ji bugun tun daga sha tara. Ban sake ba. Ban nemi kwali ba. Na ɗauki biro na rubuta 19/12, na ruga ofishin likita. Ya duba rajistar, ya dube ni, ya ce, "Mais comment? Zuwanta na baya sha biyar ne." Shi ma, kin gani, ya ɗauka ta ƙarshen ce baƙuwa.

Aka wuce da ita babban asibiti. Mahaifinki yana hanyar Njamena da babbar mota, sai bayan an yi sadakar uku ya iso. Kwana uku ta yi, zuciyar ta riga ta gaji. Ranar ta biyu da hantsi na kai mata ke, ba ta da ƙarfin ɗaukarki, sai ta ce in matso da ke. Ta sa yatsa a bayan kunnenki ta ce, "Yaya, in tana kuka nan za ki shafa, shiru take yi." Haka na riƙa yi, kuma shiru kike yi. Har yau in kina tunani hannunki can yake zuwa. Ranar Lahadi ma da kike kallon layinta, yatsanki na bayan kunnenki, shi ya tashe ni daga tabarmar.

Ban riƙe ki don biyan laifi ba, kada shaiɗan ya raya miki haka. Da farko wataƙila akwai wannan, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma tun ranar da kika fara rarrafe kika bi ni har bakin ƙofa kina kama min zani, kin zama tawa, ba don komai ba sai don ke ce. Yayyenki ma sun sha cewa na fi son ki, ina musu, su ne da gaskiya.

Yanzu ga abin da ya hana ni barin maganar nan ta bi ni kabari. Watan jiya na auna ki na sami 13/9. Makon da ya wuce na sami 14/9. Kika ce, "Mama, yanzu na sauka daga bensikin, kuma na sha shayi. Mu sake." Nafisa, sai ga hannuna ya kai kan famfon abin awon da kansa, zuciyata na cewa yarinya ce, siririya, zafin gari ne. Shekara ashirin da bakwai, hannun nan bai manta ba. Na sake ɗin, na sami 13/8, kika ce, "Voilà," kika tashi. A katin asibitinki na rubuta duka biyun, ta farko a sama. Ki duba za ki gani. Ki kai wa likitan can a makon nan, ba mako mai zuwa ba, ki faɗa masa abin da ya sami mahaifiyarki da bakinki. Idan kika ga fuska ko ƙafa ta kumbura, ko ciwon kai ya ƙi tafiya, ko ido na ganin walƙiya, ko kin kasa kwanciya sai da filo uku, kafin haihuwa ne ko bayanta, ko ana tsakiyar suna ne, ki tafi asibiti. Kada ki tsaya neman mayafin da ya dace da zani.

A ƙasan baƙar jakarki, cikin zanin da na ce na goyo ne, akwai sabon abin awo mai batir. Babanku ya sayo shi a hanyarsa ta dawowa daga tashar jiragen ruwa, ya gwada a hannunsa sau biyar har ya tsorata kansa. Tare da shi akwai ƙaramin gwangwanin shayi. A ciki za ki ga guntayen kwalin magani guda uku da rubutun fensir, ya ɗan dushe amma yana karantuwa. Na sauran matan na zubar tun a lokacin, Allah ya yafe min. Nata ne kawai na kasa.

Ki mayar da lambobin nan uku inda suke, ki ga yadda layin zai miƙe ya hau tun daga farko, babu wani tsalle. Sa'an nan ki faɗa wa malaminki cewa nas ɗin da ta rubuta rajistar shekarun farko tana jan lambobi wajen tsakiya, don haka ƙaramin tsibin ya fi yadda yake nunawa girma. Na san wannan zai mayar miki da aiki baya, wataƙila da watanni, kuma na san kin so ki sa sunana a shafin godiya. Ki rubuta gaskiyar, sunan kuma ki yi yadda kika ga dama da shi. Layin dai kada ki goge. Idan bai shiga ƙararrawar ba, ƙararrawar za ki canja.

Idan kin karanta kika ji ba kya son jin muryata na ɗan lokaci, ba zan yi fushi ba, kina da hakki. Ina roƙon ki yafe min, don ita ban samu na roƙe ta ba. Da watanki ya kama zan hau jirgin ƙasa in zo, ko an gayyace ni ko ba a gayyace ni ba, in durƙusa gaban Hajiya Dudu in faɗi abin da na kasa faɗa wa Iya.

Allah ya raba ku lafiya, ya ba ki haihuwa mai sauƙi, ya sa ki ga arba'in, ki ga yaye, ki ga auren abin da kika haifa. Allah ya tsare fitarki da shigarki a garin da ba ki saba ba, ya haɗa ki da maƙwabta na gari, ya sa albarka a aikinki. Allah ya jiƙan Rakiya da Iya, ya haskaka makwancinsu. Babanku yana gaishe ki, ya ce ki rage yaji. Ki gaida Yusufa, ki gaida Hajiya da kyau.

Ko kina fushi da ni, abu ɗaya nake roƙo. Duk ranar Juma'a ki zauna, ki huta, ki ɗaura abin awon, ki turo min abin da ya nuna ta waya, ko babu gaisuwa. Idan kin sake awon ki turo duka, amma kada ki zaɓa min. Ta farkon nake so in fara gani.

Mamanki,
Zainabu